Wanda Na Cafke Washegarin Sallah

Washegarin Sallah muna gidan Hajiya a Tudun Wada, jikoki sun cika tsakar gida suna wasan makaho. Ni dai cewa kawai na yi yaran yanzu ba su iya ba, a zamaninmu da jin takun ƙafa muke cafke mutum. Kafin in rufe baki an ɗaure mini ido da ɗankwalin Yaya, sai ƙanshin turaren wuta yake, aka jujjuya ni aka sake ni.

Kun san dokar: ka kama mutum, ka shafa fuskarsa, ka faɗi sunansa, ɗankwali ya koma kansa. Yara sai tafi suke, "Kawu ga ni! Kawu nan!" Na rungumi turmi, na sarƙe da igiyar shanya. Can sai gida ya yi tsit. Na ce a raina dabarar yara ce. Sai ga taku daga zaure. Na yi kukan kura na damƙe.

Shadda na fara ji, mai sitaci, har ƙara take. Na ce to, wani bai cire kayan Sallarsa ba. Na kai hannu inda kan yaro ya kamata ya tsaya, sai na ji aljihu, da carbi a ciki. Jama'a, hannun nan bai tsaya ba. Ya ƙara sama. Gemu. Na shafa shi sosai, na ɗan ja, wai ko na auduga ne irin na 'yan tashe. Gemu ya ƙi fita.

"Salamu alaikum. An yi Sallah lafiya?"

Surukina. Baban maiɗakina, takanas daga Kawo ya zo gaida Hajiya. Na zube ƙasa, ɗankwali na nan a idona, ina ta "Baba barka da Sallah, Baba ya hanya." Ashe shi ya riga ya matsa gefe, randa nake gaisarwa. Kuma ya tsaya yana amsawa, "Lafiya lau, madalla," har na ƙare.

Yara ba su da laifi. Ɗan Goggo ne, kun san shi. Yana kan benci ya hango Baba tun daga bakin zaure, shi ya sa yatsa a baki ya hana kowa magana, ya ɗaga waya. Kafin la'asar hoton ya shiga WhatsApp na dangi, har mutanen Zariya sun kira. Wai wasan taubasai. Mutumin da ya ari babur ɗina zai ɗauko baƙo a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ya dawo mini da shi tanki a bushe, madubi ɗaya na lilo, ya ce haka ya same shi. Haka ka same shi a ina? Na tura masa kuɗin gyara ya gani, sai ya turo mini hoton randa.

Man ma har yau bai zuba ba.