Ranar da na yi rawa a Dambulla babu kiɗa

Ni matsalata karatu ne, in zan je wuri sai na karance shi tas kamar mai shirin jarrabawa. Kafin tafiyata Siri Lanka wata biyu na yi ina haddar tarihin Dambulla, har uwargida ta ce "Malam wai yawon buɗe ido za ka ko lacca za ka yi musu?" Na san kogo 5 ne a jikin dutse, na san sarki Valagamba ne ya ɓuya a can da mahara daga kudancin Indiya suka kore shi daga babban birninsa Anuradhapura tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, da mulki ya dawo hannunsa ya mayar da kogunan wurin ibadar mabiya Buda. Har shekarar da hukumar UNESCO ta sa wurin a jerin wuraren tarihi na duniya na haddace, 1991. Inda ake yankar tikiti ne kawai ban karanta ba.

Daga birnin Kandy na hau bas, da na sauka ɗan adaidaita (su tuk-tuk suke ce masa) ya kai ni gindin dutsen, yana ta nuna min wani gefe yana surutu, ni kuwa na ɗauka ƙarin kuɗi yake nema sai na ɗaga masa hannu irin na ɗan gari na kama hawa. Dutsen nan ya kai mita 160, ni kuma aikina zama gaban kwamfuta da shayi, kafin in kai sama rigata ta jiƙe sharkaf ina haki kamar tsohon janareta. Mai tsaron ƙofa ya miƙo hannu, na miƙa masa nawa muka gaisa. Ya ce tikiti. Na ce nawa ne? Ya nuna min ƙasa, can ƙasa inda bawan Allah ɗan adaidaita ya yi ta nuna min.

Na sauka, na yanka, na sake hawowa. Kada ku tambaye ni.

To yanzu azahar ta yi, kuma doka ce sai ka cire takalmi. Na ga Turawa sun bar safa a ƙafa har ina musu dariya a raina, wai ni Bakano me zafin ƙasa zai min. Wallahi taku uku na yi a kan dutsen nan na gane tandar waina ce aka shimfiɗa. Na ɗaga dama, hagu ta ɗau wuta, na ɗaga hagu dama ta ce ba ta yarda ba, haka na tsallake filin ina tsalle ɗaiɗai da jaka a wuya, wasu tsofaffin mata cikin fararen kaya riƙe da furanni suna tafiyarsu a natse kamar a kan kafet, ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi tana ƙyaƙyatawa.

Amma ciki fa ya biya wahala. Sanyi, duhu-duhu, ga mutum-mutumin Buda a kwance mita 14 an sassaƙe shi daga jikin dutsen kansa, tafin ƙafarsa an yi masa zanen furanni jawur, na duba nawa na ga kala ɗaya ne sai dai nawa babu fure. A kogo na biyu, mafi girma, rufin gaba ɗaya zane ne yana bin lanƙwasar dutse kamar an manna atamfa, ga wata tukunya da ruwa ke ɗiga cikinta daga sama, sun ce ko da rani ba ya yankewa. Allah ya sani na daɗe ina kallon tukunyar nan, kuma ba tarihi nake tunani ba, ƙafata nake tunani.

Da na fito na zauna a inuwa in rubuta abin da na gani, na ajiye ayaba a gefe, kafin in buɗe biro wani biri ya sure ta ya haye katanga yana ɓarewa yana kallona ido cikin ido.

Da dare uwargida ta kira a WhatsApp ta ce in karanto mata abin da na rubuta. Na buɗe littafin, layi ɗaya ne: tikiti a ƙasa, a zo da safa.