Babban jirgi ko ƙarami? In da Inna za a yi tafiyar, ga inda na tsaya

In dai kallo ne ya fitar da iyali daga gida, wato a ga ƙasa da ruwa da mutanen da ke zaune a bakinsa, to ƙaramin jirgin ruwa ya fi babba. A nan na tsaya, kuma na kawo maganar fili ne saboda ta daɗe tana yawo a gidanmu har ta fara tsallaka katanga, maƙwabta ma sun shigo ciki.

Ƙanena likita ne a Jidda. Allah ya buɗa masa, ya ƙudiri niyyar in Inna ta gama Umara zai ɗauke ta, da matarsa da 'ya'yansa da nawa biyu, su yi 'yan kwanaki a kan ruwa. Na san akwai mai cewa ana fama da tsadar taki da man injin ban ruwa, wa yake ta jirgin shaƙatawa? Ni dai ban ga laifin ɗan da ya sami hali ya faranta wa mahaifiyarsa ba, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tsakanin murhu da lambu a fadamar Hadejia. Abin da ya rage shi ne a kashe kuɗin inda za ta ji daɗinsa. Zaɓi biyu ya kawo: ko babban jirgin da ke tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, ko su tsallaka Masar su shiga ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da ke bin kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan. Shi babban yake so. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Yaya, ka ga girmansa kuwa?"

Na gani, kuma ba zan tauye wa manyan jiragen nan haƙƙinsu ba. Wanda yake nufi, Aroya, na Saudiyya ne, ya fara aiki a watan Disambar 2024, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000. Ba a sayar da giya a cikinsa, babu gidan caca, abincinsa halal ne, akwai wurin salla. Ga Musulmi mai tafiya da uwarsa da matarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yawancin manyan jiragen Turai da Amurka a kan mashaya da caca aka gina rabin nishaɗinsu. Akwai ma waɗanda suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Icon of the Seas, wanda ya fara tashi daga Miyami a Janairun 2024, tsawonsa mita 365, hawa 20, in ya cika yana ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Irin waɗannan suna da lifta, da ɗan asibiti mai likita da nas, da wurin wasan yara, da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi don kada jiri da amai su kwantar da mutum.

To amma me za a gani? A nan ne nake rabuwa da ƙanena. Babban jirgi an gina shi ne don ka kalli cikinsa. Gidajen abinci, kantuna, wuraren wanka, dandalin wasanni, duk suna jan idonka ciki. Waje kuwa, da zarar an bar gaɓa, ruwa ne da sama, safe ruwa, yamma ruwa. Ɗakunan da suka fi araha ma a tsakiyar jirgin suke, ko taga ba su da ita. Kuma saboda nauyinsa da zurfin da yake buƙata, ba ya iya raɓar gaɓa ko shiga lungun ruwa; sai tashar da aka gina don irinsa, wadda sau da yawa tana nesa da abin da aka zo gani, a sake loda ku a bas. In ya tsaya ya buɗe ƙofa, dubban mutane ne za su sauko lokaci guda, kamar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ka ɗauki tsohuwa mai ciwon gwiwa ka sa ta a wannan layin, ga agogo yana bin ku don jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Wuraren da duniya ta fi ji da kyansu ma sun fara rufe wa manyan ƙofa. Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa tsakiyar birnin Banis tun watan Agustan 2021, saboda igiyar ruwan da suke tayarwa tana cin tushen gine-gine. A Antaktika, yankin ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, jirgin da ya ɗauko fasinja sama da 500 ba a yarda ya sauke kowa a ƙasa ba, sai dai su leƙa daga nesa su juyo. Kenan a can ma, mai ƙaramin jirgi ne ke taka ƙasa.

Nilu kuwa na san shi, don a Alƙahira na yi karatu, kuma na bi hanyar nan ta kudu. Jiragen da ke aiki tsakanin Luksor da Aswan galibi ɗakunansu ba su wuce 50 zuwa 70 ba, tafiyar ta ɗara kilomita 200 kaɗan, ana yin ta a kwana uku ko huɗu. Kogi ne, babu igiyar teku, saboda haka maganar jiri da amai ta faɗi tun daga nan. Kuma gaɓa ba ta ɓace maka ko na minti ɗaya. Dama da hagu ga gonakin rake, ga ayaba, ga dabino, ga manomi yana gyara kwalbatin ruwa da fartanya, ga yaro a kan jaki da damin ciyawa, ga injin ban ruwa yana tuƙa hayaƙi. Bayan koren nan da 'yar tazara sai rairayi da duwatsu, a wasu wuraren har kana ganin layin da ruwa ya tsaya hamada ta fara. Lokacin salla ya yi, kiran salla zai taso daga ƙauyen gabas, na yamma ya amsa, kana zaune a saman jirgi kana jin su duka.

Inna ba ruwanta da kantin turare a hawa na goma. Amma ku zaunar da ita inda za ta ga yadda Bamasare yake jera kunya da yadda yake sakin ruwa a fage, za ta wuni tana magana, tana gwada nasu da namu, tana nuna wa jikokinta abin da su ba za su lura da shi ba. Matar da ta san albasa tun tana iri, wannan shi ne kallonta.

Akwai wani wuri, Esna, da ba na mantawa. An tare kogin da madatsa, sai jirgi ya shiga wani dogon akurki na kankare, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwa ko a zuƙe, kana tsaye kana ganin bango yana nutsewa ko yana tasowa, har jirgin ya daidaita da ruwan ɗaya ɓangaren sannan a buɗe ƙofar gaba. Kafin layi ya zo kanku, 'yan talla za su kewaye ku a ƙananan kwale-kwale, su ɗaure igiya a jikin jirgin, su riƙa cilla jallabiya da tawul a cikin leda har saman bene. Ka buɗe ka duba, ku yi ciniki da ihu da yatsu, in kun daidaita ka sa kuɗi a ledar ka cilla masa, in ba ku daidaita ba ka mayar masa da kayansa, shi kuma ya cafe ba ya kuskure. Yaro ɗan shekara goma da ya ga wannan, ya ga yadda ruwa ke ɗaga jirgi sukutum, ya sami abin ba da labari har ya girma. Gaba kuma ga Edfu, ga Kom Ombo inda aka adana gawarwakin kadoji tun zamanin Fir'aunoni, ga babbar madatsar Aswan da aka kammala a 1970, 'yan shekaru kafin tamu ta Tiga. Gine-ginen mutanen da suka yi zamani da ƙarfi suka shuɗe, in akwai babba a kusa da zai yi wa yara bayani, wa'azi ne da ido.

Sannan a jirgin da bai fi mutum ɗari da 'yan kai ba, iyali ba sa ɓacewa juna. Wurin cin abinci ɗaya ne, lokaci ɗaya, teburinku ɗaya, mai kawo muku abinci ya san Hajiya ba ta son sanyi a ruwanta. A babban jirgi yara su yi gabas, iyayensu su yi yamma, kaka ta zauna a ɗaki don tana tsoron ɓata a dogayen lungunan da duk kama ɗaya suke. An fita tare ke nan, amma ba a zauna tare ba.

Yanzu ga ainihin abin da ke ƙarƙashin maganar, wanda ƙanena bai faɗa ba sai Inna ce ta faɗa. Da aka ce mata ƙaramin jirgi, sai ta ce: "A'a, ɗan nan, ni ban manta Bagwai ba." Babu wanda ya manta. Ƙarshen Nuwambar 2021 ne kwale-kwale ya kife a madatsar Watari, ya taso daga Badau zai tsallaka Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Mu nan ma duk damina sai mun ji irin wannan labari a wani mashigi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ban ga laifin Inna ba.

Amma mu duba abin da ke kashe mutane a ruwanmu. Lodi ne fiye da ƙima, da tsohon katako mai yoyo, da tafiyar magariba, da rashin rigar kariya ko ɗaya a cikin jirgi. Ba ƙanƙanta ba ce. Ku je Baturiya da sanyin safiya lokacin hunturu, sa'ad da tsuntsayen Turai suka sauka a fadama, ku shiga kwale-kwalen masuncin da ya san aikinsa. Zai ƙirga ku, ya ce mutum huɗu, na biyar ya jira, ko za ka ninka masa kuɗi ba zai ƙara ba. Zai nuna wa kowa inda zai zauna, ya ce kada wanda ya miƙe. Yana tura gora a hankali ta cikin kacalla, ba ƙara, har ku zo dab da garken agwagin ruwa ba su tashi ba. Wannan mutumin na fi amince wa ran ɗana a hannunsa fiye da mai babban jirgin inji da ke cusa buhu da babur da mutum hamsin don ya yi sawu ɗaya.

Girma kuma bai taɓa zama laya ba. Costa Concordia na ɗauke da mutum sama da 4,200 a daren 13 ga Janairun 2012, kyaftin ɗinsa ya raɓi tsibirin Jiliyo na Italiya fiye da ƙima, dutse ya farke cikinsa, mutum 32 suka mutu. Akwai fasinjojin da suka hau a ranar, ba a riga an nuna musu inda za su taru in hatsari ya faru ba. Bayan nan ne aka tsaurara doka, cewa a yi wa fasinja wannan atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Saboda haka tambayar da zan yi wa kowane jirgi, babba ko ƙarami, ita ce: ina rigunan kariya, akwai na yara, kuma wa zai nuna mana yadda ake ɗaurawa?

Ba kuma cewa nake a gangara har ƙasa ba. A Nilu akwai dahabiyya, jirgi mai filafilai da 'yan ɗakuna kaɗan, yana tsayawa a tsibirai da ƙauyukan da sauran ba sa iya tsayawa, in iska ta ɗauke wani ɗan jirgin inji ya ja shi. Kyau kam ya fi kowa, amma kuɗinsa a kan kowane kai ya fi yawa, kuma shingen gefensa bai kwantar min da hankali ga yaro mai rarrafe da gudu ba. Faluka kuwa, wato ƙaramin jirgi mai filafili wanda ake kwana a fili a kan katifa, ta samari ce. Ga iyalin da ya haɗa kaka da jika, matsakaicin nan mai ɗakuna hamsin da wani abu shi ne daidai.

Shi ma yana da nasa. Yawancinsu suna sayar da giya saboda Turawa, kuma akwai ɗan wurin wanka a saman bene inda za a ga shigar da ba tamu ba; sai a zaɓi gefen zama, a tambayi kamfani tun kafin a biya. Da yawa ba su da lifta. A Luksor da Aswan jiragen kan jeru ne gefe da gefe, sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa, wani lokacin ta kan siririn katako. Likita ba lallai ne a same shi a ciki ba, sai dai gari ba ya nisa, mu kuma namu likitan yana cikin tafiyar. Da a ce Inna a keken guragu take, ko tana da ciwon da ke buƙatar asibiti a kusa dare da rana, da ni da kaina zan ce a shiga babban, a haƙura da kallon. Alhamdu lillahi da ƙafarta take tafiya, sai dai a hankali.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne ya nemi ɗakin Inna a hawa ɗaya da ƙofar shiga, mai babbar taga, kusa da wurin cin abinci, don a rage mata matakala. Ya sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin Aswan a tsakiyar shekara yana haura digiri 40, ya tafi mata da rigar sanyi saboda iskar dare a kan kogi. Ya fara neman bizar Masar da wuri. Ranar da suka shiga kuma, kafin kowa ya buɗe jaka, ya ciro rigar kariya ya ɗaura wa Inna da hannunsa, ya gwada wa kowane yaro tasa, in babu daidai ƙaramin cikinsu kada jirgin ya tashi da su sai an kawo.