Shinge ya kai Kan Iyaka, kwalbati bai kai ba

Duk lokacin da aka taso da zancen iyakokin ƙasar nan, sai ka ji an ce ai 'yan babur ne masu fasa-ƙwauri. Ni dai a ganina, kafin a yanke musu hukunci a je a ga hanyar da suke bi tukuna.

Ku ɗauki hanyar Mambila. Mu nan Gombe ba baƙuwarmu ba ce, don akwai yaranmu na Pantami da Bolari da neman abinci ya kai su can. Ka bi Kumo, Billiri, Kaltungo, ka haye gadar Numan, ka kai Jalingo, sannan Bali da Serti, sai hawan dutse daga Mayo Selbe zuwa Mai Samari da Nguroje. Da ramukanta da komai, wannan kwalta ce, mota na zuwa. Wahalar tana farawa ne inda ka saki kwalta ka nufi Mayo Ndaga da Kan Iyaka, hanyar da ke ɓullewa Banyo ta ƙasar Kamaru. Jar ƙasa ce zalla, kuma a bisa tsauni inda damina ke daɗewa fiye da tamu nesa ba kusa ba.

Wanda bai taɓa tuƙi a jar laka ba zai ɗauka santsi ne kawai matsalar. Ina! Lakar tana cushewa tsakanin taya da madigadi har tayar gaba ta daina juyawa, sai mutum ya sauka ya nemi tsinke ya yi ta saƙace ta, ya yi 'yar tafiya kaɗan ta sake cikawa. Shi ya sa wasu ke kwance madigadin gaba ɗaya, wasu su naɗa igiya a tayar baya don ta riƙa kama ƙasa. A hawa kulocin ke ƙonewa, a gangara birki ke yin zafi ya saki. Ga tsofaffin Land Rover da ke ɗaukar kaya sun haƙa kwari biyu a tsakiyar hanya, in Boksa ta faɗa ciki da buhu uku a baya sai an taru an ɗaga ta. Rafi kuwa in ya kawo, zama ake yi a jira ya janye, ko a biya samari su ciccibi babur ɗin su tsallakar. Mai naƙuda ma a kan wannan babur ake ɗora ta zuwa asibiti, ba wata motar da za ta zo.

To a irin wannan hanya wa zai yi jigila in ba mai babur ba? Lalacewar hanyar ce ta mayar da shi komai, shi ne tasi, shi ne motar kaya, shi ne motar asibiti. Ban ce babu masu tsallakar da fetur ba, akwai su, musamman kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da jarka ɗaya a Kamaru ke biyan wahalar yini. Amma hanyar da babbar mota ba ta iya bi ita ce ta fi wa ɗan fasa-ƙwauri daɗi, don motar sintiri ma ba ta iya binta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gwamnati ta san da wurin sarai. Da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, umarnin bai ɓata a hanya ba, ya isa. Jami'in kwastan ya isa, na shige da fice ya isa, a tambaye ka takardun babur da katin rigakafin shawara, ga shi Kamaru ba ta cikin ECOWAS balle ka ce katin ƙasa ya wadatar. Ban ƙi wannan ba, aikinsu ne, su ma kuwa a babur suke zuwa bakin aikin, laka har gwiwa. Amma inda aka iya kai shinge, me ya hana a kai kwalbati?

Kuma a tuna, mutanen yankin nan da ƙuri'arsu suka shigo Najeriya. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta take amsawa har yau. Sama da shekara 60 ke nan.

Ba titi mai hannu biyu ake roƙo ba. A zuba tsakuwa a hawan da suka fi muni, a yi kwalbatoci a rafuka, a turo gireda duk ƙarshen damina ta baje hanyar. 'Yan majalisarmu na Arewa maso Gabas da hukumar raya yankin su sa wannan a kasafin kuɗi, mu kuma idan sun zo neman ƙuri'a mu tambaye su shafin da aka rubuta shi.