Daga zauren Atlanta 96 zuwa tikitin caca

Da batirin mota muka kalli wasan Najeriya da Brazil na gasar Olamfik ta Atlanta, a ƙarshen watan Yulin 1996. An ɗauke wuta tun la'asar, ga hadari ya haɗo, sai wani maƙwabcinmu direban tasi a Tudun Wadar Kaduna ya kwance batirin motarsa, aka ɗora talabijin marar kala a kan turmi cikin zaure. Wana ke riƙe da gorar eriya a waje, ana ta yi masa ihu: "Juya kaɗan! Tsaya nan! Kai, ka wuce!" Da Brazil ta kai uku da ɗaya, rabin zauren ya watse. Mahaifinmu, wanda a wurinsa ƙwallo aikin marasa aikin yi ce, ya leƙo ya ce, "Ku tashi ku kwanta, akwai asuba." Yana tsaye a bakin ƙofa Ikpeba ya farke ɗaya. Bai tafi ba. Kanu ya rama a minti na 90, ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci, kuma na ga hular Baba a ƙasa da idona. Har ya koma ga Allah yana cewa turo shi aka yi.

Kwana uku bayan nan aka doke Ajantina uku da biyu a wasan ƙarshe. Babayaro da Amokachi, duk 'yan Kaduna, suna cikin waɗanda suka ci, ga Garba Lawal da Tijjani Babangida a tawagar. Amma in aka ce in zana yadda ƙwallayen suka shiga, sai na koma YouTube. Abin da ya zauna mini daram shi ne turmin, da ƙamshin ƙasar damina, da hular nan. Na tambayi sa'o'ina da dama, kowa haka: sai ya fara gaya maka inda yake zaune da wanda ke kusa da shi kafin ya tuna wanda ya ci.

Shi ya sa da yawanmu da gasa muke lissafin shekaru. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin 1998. Kwana biyar tsakani Oliseh ya ɗaɗa wa Sifaniya ƙwallon nan daga nesa a gasar kofin duniya, sai aka rasa zancen da za a yi a majalisa, na mulki ko na tamaula. A 2002 wasannin kofin duniya da aka yi a Koriya da Japan da safe suke zuwar mana, ma'aikata suka yi ta ciwon kai na ƙarya. A 2010 sai da Sani Kaita ya zama abin faɗa a teburin kowane mai shayi saboda jan katin da ya karɓa a wasan Girka, kafin hannun da Suarez ya sa wa ƙwallo da fenaretin da Gyan ya zubar a wasan Ghana da Uruguay su haɗa mu baƙin ciki ɗaya da 'yan'uwanmu na zangon Kumasi.

Lokacin an riga an bar zaure an koma gidan kallo: rumfar kwano, bencina, janareta na kuka, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. Ba zan yi masa kwalliya ba. Akwai hayaƙin taba, akwai ashar, akwai yaran da ke sulale wa Islamiyya, akwai magaribar da ake bari ta wuce. Mata kuma babu su a lissafi, tun daga zauren har rumfar; yayata daga tsakar gida take jin ihu ta tambayi wa ya ci. Kuma a Yunin 2014 bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana tsaka da wasan Brazil da Mexico, iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Duk da haka a bencin nan ne ɗan kasuwa da ɗan acaba, Bahaushe da Inyamuri, suke kafaɗa da kafaɗa na minti casa'in, suna zagin alƙalin wasa ɗaya. Ban san wani wuri a garuruwanmu da ke yin wannan aikin da kuɗin shiga kaɗan haka ba.

Yanzu kowa da allonsa a tafin hannu. Za a ce ai ci gaba ne, kuma akwai gaskiya a ciki: yayar nan tawa ta kalli Maroko tana fitar da Sifaniya da Portugal a 2022 tana kan gadonta, ba ta nemi iznin kowa ba. Damuwata ba wayar ba ce. Abin da ya biyo ta ne, wato cacar ƙwallo. Matashin da ya buga tikiti ba ƙasa yake goyon baya ba, lissafi yake bi: ƙwallo nawa za a ci, bugun kusurwa nawa za a yi, wa zai fara karɓar kati. Wasa goma ya jera, ɗaya ya yanke masa, ya kwana yana tsaki. Shekara ashirin nan gaba me zai ba ɗansa labari? Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma shagon da ke cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a garƙame.

Ina ganin malamai da iyayen da ke yi wa gidan kallo kallon tushen lalacewa sun saki reshe sun kama ganye. Rumfar da ke da dattijo ɗaya ko biyu a ciki, wadda ake kashe sauti in an kira salla, ta fi ɗakin da yaro ya kulle kansa shi da wayarsa aminci. Masu unguwanni na iya sa wa masu gidajen kallo sharaɗi maimakon korarsu, ƙananan hukumomi kuma ba za su talauce ba don sun kafa babban allo a filin firamare duk ranar da Super Eagles ke wasa.

Wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddebuwa, ranar 11 ga Fabrairun 2024, a rumfar unguwa na kalle shi, na ja ɗana muka tafi. Troost-Ekong ya ci da ka, benci ya kusa karyewa. Kessie ya rama. Da Haller ya jefa ta biyu wa Kwaddebuwa, wurin ya yi tsit, sai wani saurayi a gabana ya daka tsalle yana murna. Na dafa shi na ce, "Samari, kai ɗan can ne?" Ya juyo mini da fuskar wayarsa yana dariya: "A'a Baba, tikitina ne ya ci."