Ridley Scott ya fi faɗin gaskiya in yana ƙage da in yana tarihi

Da wuya a samu fadar shayi a Zinder, daga Birni zuwa Zango, da ba a taɓa kallon Gladiator a cikinta ba. Samari sun san Maximus, sun san sarkin da ya ci amanarsa, amma kaɗan ne za su iya faɗin sunan wanda ya shirya fim ɗin. Ridley Scott ne, Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1937, wanda bai fitar da dogon fim ɗinsa na farko ba sai 1977, yana ɗan shekara arba'in, bayan ya daɗe yana shirya tallace-tallacen talabijin. Dattijon ya haura tamanin bai ajiye aiki ba, don ko a 2024 ya fito da Gladiator II. Sunansa ya tsaya a kan abu biyu, finafinan ƙagen kimiyya da manyan finafinan yaƙi na tarihi. Matasanmu na biyun suka fi so. Ni kuwa ina ganin na farkon ne ya cancanci lokacinsu, domin a nan ne mutumin ya fi faɗin gaskiya game da ɗan Adam.

A ɗauki Alien na 1979. Mutane suna tuna dodon, suna mantawa da cewa fim ɗin labarin leburori ne. Mutum bakwai ne cikin jirgin dakon kaya mai suna Nostromo, suna kan hanyar komawa gida. Jirgin ba ya sheƙi, ya fi kama da tsohuwar babbar mota mai hawa Agadas: duhu, tururi, ruwa na ɗiga, ƙarfe ya ci aiki. Tun kafin wani abin tsoro ya faru, kanikawa biyu na can ƙasan jirgi suna ta ƙorafin cewa kasonsu bai kai na sauran ba. Can gaba sai ta bayyana cewa kamfanin da ya ɗauke su ya ba da umarni a ɓoye: a kawo halittar nan ko ta halin ƙaƙa, ma'aikatan kuwa ko sun mutu ba asara ba ce. Duk wanda yake da ɗan'uwa da ya taɓa aikin haƙar ma'adini a arewa, ko ya tafi cin rani Libiya, ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Wadda ta tsira kuma mace ce, Ripley, domin ita kaɗai ta dage tun farko cewa kada a shigo da wanda abin ya kama cikin jirgi, aka ƙi jin ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya sa rigar dodon ɗan Najeriya ne, Bolaji Badejo, wani dogon ɗalibin zane daga Legas da ke karatu a Landan.

Blade Runner na 1982 ya ci gaba daga nan. An ƙera wasu halittu masu kama da mutane sak domin aikin wahala a wasu duniyoyi, aka yanke musu shekara huɗu ta rayuwa don kada su waye su yi bore. Kaɗan daga cikinsu suka gudo Los Angeles suna neman wanda ya ƙera su ya ƙara musu kwana, aka tura mafarauci ya kashe su. A ƙarshe bawan da ake farauta shi ne ya miƙa hannu ya ceci mai farautarsa daga faɗuwa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba da ya fito, sai daga baya aka gane darajarsa. Mu da bauta ke cikin tarihinmu na kusa, har yau kuma ake tonon asali idan maganar aure ta taso, muna da abin tattaunawa a wannan fim fiye da masu kallo da yawa a Turai.

Ba duk ƙagensa ne ya yi daɗi ba. Prometheus na 2012 ya ɗauko tambayar da ta fi ƙarfinsa, asalin ɗan Adam, ya kuma cika jirgin da masanan da ke aikata wautar da ɗan makarantar firamare ba zai yi ba. The Martian na 2015 kuwa ina son sa saboda dalili ɗaya: mutum ne aka bari shi kaɗai a duniyar Mars, ƙasar da ba ruwa, ya zauna ya lissafa abincinsa, ya haɗa taki, ya shuka dankali. Manomin Mirya zai gane shi.

Matsalata da Scott tana farawa ne in ya ce zai ba da labarin abin da ya faru. A Gladiator, Commodus ya kashe ubansa Marcus Aurelius, sarkin Rum, ya hau mulki, ba a jima ba aka kashe shi a filin dambe. A tarihi uban ya mutu a shekara ta 180, ɗan ya ci gaba da mulki har 192, kuma a gidan wanka aka shaƙe shi. Maximus kansa ƙirƙira ne. Wannan bai dame ni sosai ba, Rum ta yi nisa, fim ɗin kuma bai ɓoye cewa labarin ramuwar gayya ne ba. Amma a Napoleon na 2023 an nuna sojan Faransa suna harba igwa kan dalar Masar, abin da bai taɓa faruwa ba. Da masana tarihi suka yi magana, amsar dattijon ita ce ai ba su nan lokacin da aka yi. Wannan amsar mai kuɗi ce da ya san ba mai hana shi. Yaron da ya kalli fim a wayarsa ba zai je ya buɗe littafi ya tantance ba, abin da ido ya gani shi ke zama.

Akwai kuma yadda yake amfani da Afirka. Yana son hamadarmu da ginin lakarmu, shi ya sa ya riƙa komawa Maroko yana ɗaukar fim. Mutanen wurin ne ba ya yawan ba su baki. Black Hawk Down na 2001 ya ba da labarin faɗan Mogadishu na 1993, inda sojan Amurka 18 suka mutu, Somaliyawa kuma ɗaruruwa. Kowane sojan Amurka yana da suna da fuska, wani ma har da hoton iyalinsa, Somaliyawa kuwa taro ne kawai da ke kwararowa ana harbewa. A Gladiator, Djimon Hounsou ɗan Benin ya yi wasa mai kyau, amma aikinsa shi ne jinyar jarumi da rarrashinsa. Exodus na 2014 ya fi duka muni: ya siffanta Annabi Musa (AS), abin da mu Musulmi ba mu yarda da shi ba tun farko, ya kuma ba Turawa manyan matsayin Misirawa. Masar ta hana nuna shi. Da aka tambayi Scott, ya ce masu kuɗi ba za su zuba jari ba in jarumin ba sananne ba ne.

Adalci ya sa in ware Kingdom of Heaven na 2005. Shekara huɗu bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da Musulmi a fim ɗin Amurka kusan kullum ɗan ta'adda ne, Scott ya kawo Salahuddin Ayyubi a matsayin shugaba mai cika alkawari, ya kuma ba ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud matsayin. Wurin da Salahuddin ya shiga Ƙudus a 1187, ya tarar da gicciye yashe a ƙasa, ya ɗauka ya ajiye bisa tebur, yana cikin mafi kyawun abin da mutumin ya taɓa ɗauka. Duk da haka jarumin fim ɗin, Balian, an mayar da shi maƙerin ƙauye daga Faransa, alhali basarake ne da ya tashi a can ƙasar. Wanda zai kalla ya nemi cikakken, wanda ya fi na sinima tsawo da kusan minti 45, don a nan ne labarin ya haɗu.

Masu kare shi za su ce fim nishaɗi ne, ba lakwal ba, kuma babu wanda ya kai shi iya gina duniya a idon mai kallo. Na yarda da rabi na biyu. Scott ya yi makarantar zane a Landan, da hannunsa yake zana fitowar fim kafin a ɗauka, shi ya sa ƙura da hayaƙi da gumin doki suke fitowa kamar ka taɓa. Masu shirya fim a Damagaram su kalle shi don wannan. Abin da yake kashe miliyoyi ya gina, mu muna da shi a tsaye: fadar Sarkin Damagaram, lungunan Birni, duwatsun da suka kewaye gari, dawakin hawan Sallah da dogarai. Labari ma ba aro za mu yi ba. Ga Sarki Tanimu da ya gina ganuwa ya ƙera igwa a garin nan, ga Ahmadu Kuran Daga da kisan sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898, ga yaƙin Tirmini da Faransawa a 1899. André Salifou ya riga ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Med Hondo, mai shirya fim ɗan Muritaniya, kuma ya nuna cewa ana iya babban fim ɗin yaƙi da idon Afirka, da ya ɗauki littafin Abdoulaye Mamani ya yi Sarraounia a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Na tambayi masu tura fim a waya a kasuwar Dole ko suna da shi, ban samu ba, Gladiator kuwa na ɗaya da na biyu duk suna nan. Malaman tarihi na jami'ar Zinder da masu waɗannan shagunan za su iya gyara wannan tsakaninsu ba tare da jiran gwamnati ba.