Daura ta ba da fili, wa ya riƙe kyamara?

A wani shagon tura fina-finai da ke bakin kasuwar Daura na ga yaro ya miƙa memori, ya ce a cika masa da fassara. Jarumin Ba'indiye ne, bakin da aka sa masa na Kano, wayar kuma daga Sin ta zo. Masu kukan cewa baƙin fina-finai sun cinye mu sun makara, domin tun kafin a fara na bidiyo a Kano a 1990 iyayenmu ke cika sinima saboda 'yan Indiya. Fim bai taɓa sanin iyaka ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Ku duba fim ɗin Sarraounia na 1986. Labarin sarauniyar Lugu ne a Nijar, wadda ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, amma Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya ba da umarni, aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a 1987. Fim ɗin wace ƙasa ke nan?

Damuwata a wani wuri take. A 2019 masu gasar fina-finai ta Oscar sun ƙi karɓar fim ɗin Lionheart daga Najeriya a rukunin fina-finan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi masa yawa. A 2024 sai ga Mai Martaba, da Hausa, wanda aka ɗauka a nan Daura, shi ƙasa ta tura. Harshen da wasu ke jin kunyarsa shi ya zama tikitin shiga. Mun yi murna, kuma ta cancanta. To amma bayan an naɗe kaya an tafi, me ya rage mana? Dawakai namu ne, da zauruka da rawuna da taron jama'a, sai dai yaron garin nan da ke son koyon haska fitila ko tace hoto, har gobe Kano ko Legas zai nufa.

Ga kasuwa a ƙofar gida: daga Kwangwalam zuwa Damagaram Hausa ake ji. Ina roƙon gwamnatin Katsina da masarauta, duk kamfanin da ya nemi izinin ɗauka a fada ko a Kusugu, ko daga ina ya fito, a yi masa maraba, a kuma gindaya masa sharaɗin ɗaukar matasan gari su tsaya bayan kyamara, daga ranar farko har a gama.