Yadda Na Kwana Tara a Ranar Talata

Tunda bidiyon kunyar da na sha a taronmu na masu harkar kwamfuta ya riga ya zagaya, har surukata ta gani ta bugo tana tambaya ko lafiya, gara in ba da labarin da bakina kafin Injiniya, wanda ya ɗauki bidiyon, ya gama zuba masa gishiri.

Kun dai san tsohuwar kwamfutata ta rasu, autanmu ne ya shayar da ita kunun tsamiya. Aljihu ba nauyi, sai na gangara Beirut Road neman tokumbo. Lissafina mai sauƙi ne: Windows 10 ta daina samun sabuntawa tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin injina, ni kuwa ɗan Linux ne, kishiyar Windows ta kyauta da ke tafiya ko a tsohon inji, abin da wasu suka yar shi ne abincina. Mai shagon ya ciro wata baƙa mai nauyin taɓarya, ram giga 4, ya goge ta da hannun riga ya ce, "Yallaɓai, wannan wata tsohuwar Baturiya ce ta yi amfani da ita, wasiƙa kawai take rubuta wa jikokinta." Allah ya ƙara wa tsohuwar nan lafiya, domin duk kwamfutar da ke layin nan ita ta yi amfani da ita. Na ce batir fa? Ya ce, "Yana riƙewa." Ban tambaye shi me yake riƙewa ba. Da na je gida na zare caja, ko sallama ba ta yi ba ta mutu.

Na ɗora mata wani ƙaramin Linux jikan Debian, sannan na shiga tsimi. Duk abin da na ga yana motsi a bayan fage na yanke shi. Burauza na kore ta, na ce waya ta ishe ni shiga intanet. Akwai wani ɗan tsari da aikinsa kawai ya leƙa intanet ya tambayo ƙarfe nawa ya saita na'ura, shi ma na ce ya tattara. Har agogon nan na kusurwar allo sai da na cire, ina cewa ga agogo a hannuna, me zan yi da biyu? Ranar na kwanta ina jin kaina wani gwani.

Aikin da nake yi kuwa kun sani, fassara wata buɗaɗɗiyar manhajar kalanda zuwa Hausa, kyauta, abin da uwargida ke kira "aikin Allah-ba-ka-lada". Sunayen ranaku, watanni, da faɗa da haruffa masu ƙugiya don kada ƙ da ɗ su koma akwatuna. Mako uku ina fama. Da na gama na kunna don in ga aikina, sai ga shi ɓaro-ɓaro da kyakkyawar Hausa: Talata, 1 ga Janairu, 2013. Na ji daɗin rubutun, na ce kwanan watan misali ne suka saka. Washegari na kunna, Talata, 1 ga Janairu, 2013. Ran Juma'a na dawo daga masallaci da hulata a kai, manhaja ta ce mini yau Talata.

Nan fa jinina ya hau. Na ɗauki waya na rubuta musu rahoton matsala wanda ya fi kama da takardar ƙorafin ƙungiyar ƙwadago. Na ce manhajarsu tana daskarar da kwanan wata ga duk wanda ya zaɓi Hausa. Na ce da Faransanci ne da ba a kwana ba a gyara ba. Na kawo mulkin mallaka, na kawo Lugga, wallahi har faɗuwar Kano ta 1903 sai da ta shiga. Na rufe da cewa ba zan miƙa fassarata ba sai an gyara. Yajin aiki, a aikin da ba a biya na.

Ba a yi awa biyu ba wani Bajamushe cikin masu kula da manhajar ya amsa. Layi biyu. Ya gode mini, sannan ya roƙi in buga umarnin date, mai nuna kwanan watan na'ura, a kwamfutata in turo masa abin da ya fito. Harafi huɗu ne fa. Ni kuwa na ji kamar ya mare ni. Na amsa masa cewa na fi shekara bakwai a harkar nan, ba yaro ba ne da za a tambaye shi ko ya jona wuta.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutanen nan ba su yi fushi ba. Da sun zage ni da na samu abin riƙewa. Bajamushen ya je ya ɗora tsarin Hausar Najeriya a na'urarsa ya gwada, ya turo hoton allo, kwanan wata daidai, ya ma tambaya ko "Alhamis" an rubuta shi daidai. Wata 'yar Brazil ta bi layukan manhajar ɗaya bayan ɗaya tana neman inda 2013 ya maƙale. Wani ɗalibi daga Indiya ya hana idonsa barci ya rubuta sabon gwaji musamman saboda Hausa. Kwana tara ana wannan. Sau uku Bajamushen yana maimaita roƙonsa na harafi huɗu, cikin ladabi, har ya koyi rufe saƙo da "na gode". Sau uku ina tsallake shi kamar kwata.

Sai ga taronmu na Asabar ɗin ƙarshen wata. Ni da kaina na nemi a ba ni minti 20, na sa wa jawabin suna "Yadda Ake Danne Harsunanmu a Cikin Manhaja". Na sa shaddata ta sallah. An jona kwamfutata da majigi, mutum wajen 40 a zaune, har da ɗaliban da wata Malama ta kwaso daga makarantarsu. Na nuna musu Talatar a jikin bango, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, yau wace rana?" Suka ce Asabar. Na ce, "To ku ga yadda aka ɗauke mu." Har tafi aka yi. Ina son a rubuta wannan, domin Injiniya ya yanke wurin daga bidiyonsa. An yi mini tafi.

Ana cikin tafin aka ɗauke wuta. Kwamfutata ta bi ta, kamar kullum. Aka tayar da janareto, majigi ya dawo, na danna maɓallin kunnawa ina ci gaba da zuba. To akwai wani baƙin allo mai farin rubutu da yake fitowa duk lokacin da na kunna ta, tun ranar da na saye ta. Ban taɓa karanta shi ba. Na dai san in ka danna F1 yana wucewa, har yatsana ya haddace hanya. Amma ran nan hannuna ɗaya na riƙe da makirfo, ɗayan ina nuna jama'a da shi, sai rubutun ya samu sarari ya zauna a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu.

Wata yarinya a layi na biyu, cikin ɗaliban Malama, da farin hijabi da littafi a cinya, ta ɗaga hannu. Ba za ta wuce shekara 16 ba. Ta ce, "Malam, don Allah kar ka danna tukuna." Na tsaya da yatsa a sama. Ta ce, "Kamar cewa yake ba a saita kwanan wata da lokaci ba."

Na juya na kalli bango. Na karanta. Na sake karantawa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareto da fankar nan mai kuka ta kusa da taga. Na ce, "E, wannan wani abu ne daban." Ta ce, "To Malam, in ta gama buɗewa ko za ka buga date mu gani?" Harafi huɗun nan dai. Sun taso tun daga Jamus, na guje musu kwana tara, sun zo sun tare ni a Kano a bakin 'yar sakandare.

Ba hanyar gudu. Na buga, har na yi kuskure a harafi na biyu na goge, kowa yana kallo. Na danna. Bango ya ce 1 ga Janairu, 2013, ƙarfe 12 na dare da minti 2.

Gumi ya tsattsafo mini ta ƙarƙashin hula ya gangaro ta bayan kunne, ina jin tafiyarsa. Na buɗe baki na ce, "To, wannan ma yana cikin darasin..." Ban ƙarasa ba wani daga baya ya ce, "Malam, barka da sabuwar shekara!" Shi ke nan, ɗaki ya fashe. Wani ya ce a kwamfutar Malam har yanzu Jonathan ne shugaban ƙasa. Wani ya ce a yi haƙuri a jira wata mai zuwa, Najeriya za ta ci Burkina Faso ta ɗauko kofin Afirka, Malam ya je ya sa caca. Ita kuwa yarinyar ko murmushi ba ta yi ba, rubutu ma ta ci gaba da yi a littafinta, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ita ce ma ta ƙarasa bayanin: akwai ɗan batir kamar kwabo a cikin yawancin kwamfutoci, shi ke riƙe agogo in ba wuta. In ya mutu, babban batir ma ya mutu, to duk ɗauke wuta agogo komawa yake ranar da masana'anta suka ajiye shi. Ni kuwa a unguwarmu wuta ba ta taɓa cika awa 24 a jere ba, don haka baiwar Allah ba ta taɓa ganin 2 ga wata ba. Wanda zai gyara mata lokacin daga intanet kuma ni na kore shi da hannuna.

Yanzu bari in zo kan Injiniya. Kowa ya yi dariya, ban riƙe kowa ba, amma tasa daban ce. Sai da ya sauko daga kujera ya durƙusa, hannu ɗaya a ciki, ɗayan kuma bai fasa ɗaukar bidiyo ba, wanda ke nuna dariyar ma da shiri aka yi ta. Mutumin da kwamfutarsa ta fi kuɗin babur ɗina, mai tambarin tuffa, amma ban taɓa ganin an buɗe komai a cikinta ba sai ƙwallon Sifen. Shekara uku yana cewa zai turo gudummawarsa ta farko, har yau yana "nazarin tsarin". Injiniyan ma wa ya ba shi? Mu muka laƙaba masa ranar da ya gyara soket ya ƙona firjin ofis. Kuma cajata mai dogon waya da ya ara tun taron azumin bara, ya ce zuwa la'asar, ina ta? In ka tambaye shi sai ya ce tana mota. Motar ma ya sayar da ita. Wannan ne yau yake sa wa bidiyona kiɗa.

Daren na zauna na rubuta wa mutanen nan gaskiya. Na goge ya fi sau goma, domin duk yadda na juya maganar ba ta da kyan gani a ƙarƙashin Lugga. Bajamushen ya amsa da cewa ba komai, shi ma ya taɓa yin irinta, abin da ban yarda ba ko kaɗan. Ya ce gwajin da ɗan Indiyan ya rubuta ya ma tono wani kuskure na gaske a wani harshen, don haka rahotona ya yi amfani. Har ya ce zai aiko mini da batirin ta gidan waya. Na ce ya rufa mini asiri. Sannan na tura fassarar. Git kuwa, tsarin da muke ajiye aikin manhaja da shi, ga wanda bai sani ba, agogon na'urarka yake ɗauka ya manna wa kowane aiki da ka ajiye. Sai ga ayyukana 37 duk a ranar 1 ga Janairun 2013, shekaru kafin a ma fara rubuta manhajar. 'Yar Brazil ɗin ta ce kada a gyara, a bar su haka, yanzu ni ne dattijon aikin, na riga wanda ya kafa shi. Sun kuma ƙara layi ɗaya a takardar masu kawo rahoto, cewa a fara duba agogo. Ba su sa sunana ba, amma sun sa mahaɗin da ke kai mutum kai tsaye kan jawabina na 1903.

'Yan zaurenmu na WhatsApp kuma suka buɗe karo-karon sayen batir, Injiniya ya yi alƙawarin naira 50, bai turo ba. Na sayi abina da kuɗina, CR2032, bolt 3, kuɗinsa bai kai na gurasa da tsire ba. Na kwance kusoshi 14 na buɗe cikinta, sai na tarar nata irin mai naɗe da leda ne mai 'yar waya ja da baƙa, wanda na sayo ba shi da wurin zama. Na mayar na ɗaure, kusa biyu suka yi saura, suna cikin kofi a kan firji. Mai shagon ya ce zai samo mini mai wayar ran Talata.

Kafin nan dai kowace safiya da hannu nake saita mata lokaci. In na manta, uwargida ce ke leƙowa daga kicin ta ce, "Baban Auta, yau wace shekara muke?"